Yadda za a sa dabbar takarda ta yi kama da ta tagulla

Masu ƙera giwa ko doki da jiƙaƙƙiyar jarida, ku fara da ƙashi: a lanƙwasa waya, a cusa dunƙulen takarda, a ɗaure da salatif. A dama kofi 1 na fulawa da kofi 5 na ruwa, a dafa ya yi kaurin koko, a zuba cokali 1 na gishiri saboda fumfuna. Jaridar a yage ta da hannu, gefen da almakashi ya yanka ba ya lafewa. A riƙa tsoma yagaggun a kokon fulawar ana liƙawa a kan ƙashin. Kada a wuce rufi 3, ɗaya kan ɗaya, kafin a bari ya bushe sarai, in ba haka ba ciki zai ruɓe.

Wajen fenti ake yawan ɓata aiki. Busasshiyar takarda tana shanye fenti, ƙyallin ya mutu. A goge da samfefa, a shafa farin gam na kafinta sau 2, sannan baƙin fenti ko'ina. Idan ya bushe, a ɗan taɓa fentin ruwan tagulla da buroshi, a goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, a riƙa shafawa sama-sama. Baƙin da ya rage a lunguna, kamar ƙarƙashin kunne, shi ke sa a ɗauka ƙarfe ne. A rufe da banish, wato man da kafinta ke shafa wa katako ya yi ƙyalli, siriri.