Yadda ake saita ƙaramin jirgin tsere na rimot har a tashe shi lafiya a Sakkwato

Jama'a, wanga bayani na masu son ƙananan jiragen sama ne da ake tuƙawa da rimot, amma ba kowane iri ba, irin waɗanda anka kwaikwayi jiragen tsere na gaskiya anka ƙera su ƙanana. Irin su Gee Bee, ɗan gajeren nan mai ƙaton ciki wanda Jimmy Doolittle ya ci kofin Thompson da shi a 1932, da Mustang P-51 da anka gyara don tseren Reno a jihar Nebada ta Amurka, tseren da anka faro a 1964, da kuma Cassutt mai gajeren fiffike. Kyawunsu shi ke jan mutum, wallahi in ka ga ɗaya ya karkata ya sha kwana ƙasa-ƙasa sai ka ji ba ka son komi sai shi. Amma fa jirgin tsere dokin sukuwa ne, ɗan taɓa linzami kaɗan ya ishe shi, kuma mafi yawan waɗanda ke faɗuwa tun a kan tebur anka kashe su, ba a sama ba.

Da farko dai, in ba ka taɓa tuƙa jirgin rimot ba, kar ka fara da na tsere, don Allah. Fara da mai fiffike a sama wanda ke tafiya a hankali, ka haɗa da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta, akwai RealFlight ta kuɗi akwai PicaSim kyauta. Sai ranar da jirgi ya taho yana fuskantarka, dama ta koma hagu, hannunka ya gyara shi ba tare da ka tsaya tunani ba, sannan ka isa. Na tsere fiffikenshi ƙarami ne ga nauyinshi, shi ya sa dole shi yi gudu kafin iska ta ɗauke shi, da ka rage gudu da yawa sai fiffike ɗaya shi faɗi kawai babu sallama. In za ka saya, nemi mai lantarki na soso wanda faɗin fiffikenshi ya kai wajen mita 1 zuwa 1.2, mai ɗaukar irin batirin cajin da ake kira LiPo, na 3S ko 4S, wato mai gida 3 ko 4. Gee Bee kam a bar shi sai daga baya, gajartarshi ta sa saitinshi ke da wahala, Mustang ya fi haƙuri da mutum.

Sai maganar hukuma, kuma wagga ba ta wasa ba ce a halin tsaron da muke ciki. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce ba a tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro. Nemi ka'idarsu ta yanzu ka karanta tun kafin ka yi odar kaya, don kwastan na iya riƙe su. Ka nisanci filin jirgin Sultan Abubakar na III da duk kewayenshi, da barikin Giginya, da fada da gidan gwamnati. In ka samu fili a bayan gari, je ka gaida mai unguwa ko hakimi ka nuna mai jirgin a hannu, ka sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. Mutanen ƙauye da sunka ga abu na shawagi bisa kansu suna da hujjar tsorata, kai ne ya kamata ka fara zuwa gare su.

To mu zo kan tebur. Cire farfela tukuna. Duk wani saiti da za ka yi da batir a jone, a yi shi babu farfela, don injin nan in ya tashi ba zato yatsa yake tsagawa har ƙashi. Kunna rimot da fari sannan ka jona batirin jirgi, wajen kashewa kuma batirin jirgi ke fara fita. Ka buɗe sabon suna a rimot don wanga jirgi shi kaɗai, duk tirim, wato ƙananan maɓallan rimot na gyara karkatar jirgi, su zauna tsakiya, sannan ka ɗaura hannun kowane sarbo, ɗan injin da ke motsa leɓe, shi yi kusurwa 90 da sandar da ke tura leɓen, leɓe kuwa shi ne ɓangaren da ke motsi a bayan fiffike da wutsiya. Leɓunan fiffike da na wutsiya su kwanta daidai da jikin da suke manne, a gyara tsawon sandar da hannu, kar a dogara da rimot.

Yanzu tsaya a bayan jirgin ka duba inda kowane leɓe ke motsawa. Ka tura sandar rimot dama, leɓen fiffiken dama shi ɗaga sama na hagu shi yi ƙasa. Ka jawo sanda wajenka, leɓen wutsiya shi ɗaga sama. Leɓen tsaye na wutsiya shi bi inda ka tura. Wanga dubawa kullum ake yinta kafin kowane tashi, ko jiya ka tashe shi, don leɓen fiffike da ya juye baya ba a gyara shi a sama, daƙiƙa biyu an gama. Sannan kama kowane leɓe da yatsa ka girgiza a hankali, in akwai lako-lako a hinji ko a ramin sandar, gyara shi. A gudu mai yawa wanga lakon shi ke sa leɓe shi kama kakkarwa da wani ƙara burrr, kuma yana iya fizge shi gaba ɗaya. Ratar da ke tsakanin leɓe da fiffike a rufe ta da salatif ta ƙasa.

Abin da ya fi komi shi ne ma'aunin nauyi, wato wurin da jirgin ke tsayawa daidai in ka ɗora shi bisa yatsu biyu. Takardar da ta zo da jirgin za ta ba ka shi a milimita daga bakin fiffike na gaba, ka auna da rula kusa da jikin jirgi ka sa ɗigo da maka a kowane gefe. In babu takarda, ga fiffiken da ke miƙe a fara da kashi 25 cikin 100 na faɗinshi, kar a wuce 30. Misali faɗin fiffike milimita 200 ne, ɗigonka na kan 50. Ana aunawa da batir a ciki da komi da komi kamar yanzu za a tashi, kuma tunda fiffiken irin waɗanga a ƙasa yake, kifa jirgin ka auna shi a kife, ya fi nuna gaskiya. Hanci shi ɗan sunkuya kaɗan, shi ake so a tashin farko. In wutsiya ce ke rinjaya kar ka fita da shi ko ƙofar gida. Matsa batir gaba har sai ya daidaita, sai in ya ƙi ne ake manna dalma a hanci, sannan ka zana layi inda batirin ya zauna ka ɗaure shi da madauri don kar shi zame a kwana. Akwai kuma ma'auni na gefe da mutane ke mantawa, mutum ɗaya shi riƙe tsinin hanci wani shi tallabi wutsiya, fiffiken da ke faɗuwa kullum shi ne mai nauyi, sai ka soka ɗan ƙusa a ƙarshen ɗayan ka bi da gam.

Daga nan sai yawan motsin leɓe, kuma a nan ne masu zuwa daga jirgin koyo ke ruɗewa, suna ganin motsi da yawa shi ne iko. A jirgin tsere motsi kaɗan ake so. Bi lambar takarda, amma ga mai mita 1 yawanci abin bai wuce milimita 6 zuwa 8 sama da ƙasa ba, ka auna da rula a ƙarshen leɓe. Saita mataki biyu a makunni ɗaya, ƙaramin motsi na gudu da babba na sauka, ka sa saitin rimot da ake kira Expo wajen 25 zuwa 30 don tsakiyar sanda shi yi laushi. Lura da alamar, a wasu rimot ɗin lambar da ke kawo laushi mai ragi ce a wasu mai ƙari, don haka motsa sandar ka gani da idonka. Saita Failsafe yadda in sigina ta yanke injin zai mutu, ka gwada ta hanyar kashe rimot, har yanzu babu farfela. Wayoyin eriyar risiba guda biyu, wato na'urar da ke karɓar siginar rimot a cikin jirgi, su yi kusurwa 90 da juna, nesa da batir.

Zafin Sakkwato kuma nashi gyaran daban ne. Daga Maris zuwa Mayu muna wuce digiri 40, iska mai zafi ba ta da kauri, don haka jirgi na buƙatar fili mai tsawo wajen tashi kuma da gudu yake sauka fiye da yadda kake gani a bidiyon Turawa. Injin da ESC, na'urar da ke sarrafa gudun injin, su ma iskar da za ta sanyaya su zafi gare ta. Tabbatar akwai ƙofar shigar iska a gaba da ta fita a baya, ta fitar ta fi girma. Kar ka ƙara girman farfela don neman gudu sai ka auna wutar da take ja. Soso in ya zauna a rana, musamman inda anka shafa baƙin fenti, sai shi yi ƙuraje, a rufa mai farin ƙyalle ko a sa shi inuwa. Batir kuwa kar a bar shi cikin mota rufe. Kowane gida na LiPo cikarshi bolt 4.2 ne, ajiyarshi 3.8, kuma gara ka sauko da saura wajen 3.7. Batir mai mAh 2200 a yi cajinshi da amfiya 2.2, a bisa siminti ko cikin tukunyar ƙasa da yashi, kana wurin. Wanda ya kumbura ya gama aiki.

Lokacin fita shi ne bayan asuba in gari ya waye zuwa wajen ƙarfe 9, kafin iska ta tashi da guguwar rana. Da hunturu hazo na haɗiye jirgi mai launin azurfa ko toka, don haka manna manyan layuka ja ko ruwan lemo a ƙasan fiffike, saman kuma shi zama wani launi, ka san ko a kife yake. Zaɓi fako mai tauri, ka taka shi da ƙafa ka tsince duwatsu, yashi mai laushi kifar da jirgi yake a hanci, kuma maganaɗisun injin na jawo baƙin yashi ciki. Ka je da aboki, yara za su taru tabbas, aikinshi ne shi tsayar da su a bayanka. Yi gwajin nisa, akwai shi a rimot, ka ja baya taku 30 abokin na kallon leɓuna. Sa agogon rimot minti 3.

Wajen tashi fuskanci iska. Jawo sandar wutsiya kaɗan don hanci kar shi dungura, ƙara totur sannu-sannu ba lokaci ɗaya ba, jirgin zai ja hagu saboda juyin farfela sai ka tare da leɓen tsaye zuwa dama, da gudu ya ƙaru ka saki sandar wutsiya ta koma tsakiya ka bar shi shi ci ƙasa sosai. Kar ka fizge shi sama da wuri, nan ne yake mirginawa hagu shi daki ƙasa. Hau a miƙe har sama sosai kafin kwanar farko, rage totur zuwa rabi da ɗan ƙari, ka yi tirim har sai ya tafi miƙe da ka saki sanda.

A can sama za ka yi gwaji uku. Rage totur ka riƙa jawo sanda a hankali har shi saki, don ka san ƙarancin gudun da yake jurewa da gefen da yake faɗuwa. Na biyu, sunkuyar da shi rabi ka saki sanda, in ya ɗago da ƙarfi hanci ya yi nauyi, in ya ƙara nutsewa wutsiya ce ta yi nauyi, sauko ka matsa batir milimita 3 zuwa 5 kawai a lokaci ɗaya. Na uku shi ne na 'yan tsere na asali, cikakken totur, karkata shi hagu har fiffike shi kusa tsayawa, ka jawo sanda har ƙarshe. In ya zagayo sumul, madalla. In ya fizge ya mirgina, motsin leɓen wutsiya ya yi yawa, rage shi kaɗan-kaɗan har sai ka iya jan sanda duka bai fizge ba. Abu ɗaya ake canzawa a kowane tashi, ka rubuta shi a littafi.

Tseren kanshi kwanar hagu ce kullum. A ajin F3D na hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, turaku 3 ake kafawa, zagaye ɗaya mita 400, ana yin 10, kuma gwanaye na gamawa cikin kusan minti ɗaya. Mu nan gora biyu da ƙyalle a kai sun isa, a fara can sama da rabin totur, abokinka na gefenka yana ce ma “juya” in ka kai turke. Ni a ganina wanda ya riƙe tsayi ɗaya da layi ɗaya ya fi mai ƙaton inji da ke hawa da sauka a kowace kwana, don duk gyaran da ka yi da sanda gudu yake ci. Kar jirgi shi bi ta kan mutane ko dabbobi ko sau ɗaya.

Da agogo ya yi ƙara sai shirin sauka, da sauran wuta a batir don ko za ka sake zagayowa. Yi kwanar ƙarshe da faɗi kuma da gudu, ka daidaita da fili tun daga nesa kana fuskantar iska, ka bar totur kaɗan a kunne, da shi za ka riƙa sarrafa saukowa ba da sandar wutsiya ba. Sai ya kusa taɓa ƙasa ka kashe totur ka ɗan jawo sanda. In ka ga zai wuce fili, ƙara totur a hankali ka sake zagaye. Da ya tsaya cire batir, taɓa injin da ESC, in yatsa bai iya zama a kai ba rage farfela ko ka buɗe hanyar iska. Juya injin da hannu ka ji ko yashi ya shiga, in ya shiga a hure shi kafin tashi na gaba, sannan ka bar batirin shi huce a inuwa kafin ka mai da shi caji.