Yadda za ka miƙe tsohuwar motarka a gida bayan ta yi karo

Ranar da wata tifa ta daki gefen hagu na Fijo 504 ɗin da na gada wajen mahaifina, can wajen Kwangila a Zariya, da igiya muka jawo ta gida Tudun Wada. Washegari da sassafe na fito da guduma zan hau bugun fenda, sai maƙwabcinmu, wani dattijo da ya tsufa a aikin fanal bita, ya leƙo ya ce, "Yaro, ajiye gudumar nan, je ka samo tef ɗin awo." Sati uku muka yi da shi a gindin darbejiya, kuma abin da zan gaya maka a hannunsa na koya.

Ka fara sanin ginin motarka. Irin su Hilux shasinsu daban yake, dogayen ƙarafa biyu kamar tsani, aka ɗora bodi a kai. Amma 504 salun, 505, Golf 3 da Corolla, bodin shi ne shasin. A gaba akwai ƙafafu biyu na ƙarfe da suka ɗauki inji, idan ɗaya ta lanƙwashe sai ta ja mazaunin taya da bakin ƙofa su bi ta. Sa'ar mai tsohuwar Fijo, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ita ce ƙarfenta mai biyayya ne, yana jin guduma. Na motocin baya-bayan nan ya fi tauri, kuma wuta tana kashe masa ƙarfi.

Mataki na farko, tuɓe ta. Cire batir, ka fara da wayar da ke haɗe da bodi. In motar tana da jakar iska ta sitiyari, ka jira kamar minti goma kafin ka taɓa wayoyin gaba. Sauke bamba, fitilu, bonet, fenda da lagireto, kana ɗaukar hoto da waya, notin kowane wuri da gwangwaninsa. Ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri a daɓe mai daidaito. Bulon siminti ba ya sallama kafin ya fashe, kada ka shiga ƙarƙashin motar da ke kansa.

Na biyu shi ne awo, kuma a nan aikin yake. Leƙa ƙarƙashi za ka ga ramuka da kawunan noti da kamfani ya yi biyu-biyu, na dama daidai da na hagu. Zaɓi biyu a baya inda karon bai kai ba, biyu a gaba inda ya taɓa. Auna a gicciye: daga ramin baya na dama zuwa na gaba na hagu, sannan daga na baya na hagu zuwa na gaba na dama. Lafiyayyar mota awon biyu ɗaya suke, ko su bambanta da abin da bai wuce milimita 3 ba. Tamu ta ba da bambancin yatsa biyu. Auna tsayin kowace ƙafa daga ƙasa kuma, don karo yakan ɗaga ɗaya sama. Rubuta komai a takarda. Sai ka zagaya: ƙofar da ke gogar fenda, fentin da ya tsage nesa da inda aka daka, ɗan kumburi a rufi saman ƙofa, duk suna nuna maka iyakar inda dukan ya tafi.

A nan za ka yanke hukunci, kuma ka yi wa kanka adalci. Ƙarfen da ya lanƙwasa a hankali kamar baka yana miƙuwa. Wanda ya ninke kamar takarda, ko ya yage, ko tsatsa ta cinye shi, ko ka miƙe shi ya riga ya mutu. Yanke shi ake yi a sa wani, a nemo a wajen 'yan gwangwan na Sabon Gari, in babu a gangara Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ƙwararren mai walda ya haɗa. Idan kuwa dukan ya kai ginshiƙan ƙofa ko ƙasan da fasinja ke zama, wannan ya fi ƙarfin tsakar gida.

Na uku, ja. Kana buƙatar cen bulok, wato na'urar jan kaya masu nauyi da sarƙa, mai ɗaukar tan 2 ko 3, sarƙoƙi masu kauri, da turaku biyu da ba sa motsi. Ɗaure motar ta baya a wurare biyu masu ƙarfi na shasi, ba a gatarin taya ba. A gaba, a ɗaura farantin ƙarfe mai kauri da noti a bakin ƙafar da ta lanƙwashe, ko a yi masa walda, a nan sarƙa za ta kama. Ka'idar ita ce ta hanyar da duka ya shiga, ta nan zai fita. Tifar ta zo mana daga gaba ta hagu a karkace, don haka a karkace muka ja.

Na sha ganin masu ɗaura mota a bishiya su sa wata motar ta fizga. Yaga ƙarfe kawai suke yi. Ja kaɗan, ka tsaya, ka bi gefen lanƙwasar da guduma a hankali alhali sarƙa na ɗaure, don ƙarfen ya saki jiki. Sassauta, ka auna, ka sake. Ƙarfe yana ɗan komawa idan an sake shi, saboda haka za ka wuce awon da ɗan kaɗan. Jefa tsohon bargo mai nauyi a kan sarƙar, kowa ya kauce daga saitinta, yara su shige gida, domin sarƙar da ta tsinke ba ta tambayar sunan kowa. Wuta kuwa sai dole, a ɗan wuri, kuma kada a bari ƙarfe ya yi jajir. Kafin a kunna ta a kawar da tiyon fetur, bokitin yashi na kusa.

Da awo ya daidaita, mayar da fenda, bonet da fitila da noti biyu-biyu ka duba tazarar da ke tsakaninsu. Sai yanzu guduma ta samu shiga. Tara dunƙulen ƙarfe a bayan lotsawar, ka fara bugu daga gefe kana zagayowa tsakiya. Mai fara dukan tsakiya shimfiɗa ƙarfen yake, ya bar shi yana ɓal-ɓal kamar murfin gwangwani.

Fila, wato kwaɓin da ake cike 'yar lotsawar da ta rage da shi, ba ƙarfe ba ce, kaurinta kada ya wuce milimita 3. Kankare wurin har farin ƙarfe, kwaɓa kaɗan-kaɗan, don a zafin bazarar Zariya kafin ka juya ta daskare. Goge da samfefa mai lamba 80, sai 180, fesa firema, ka bi da 400. Ta bayan ƙarfen ma a shafa maganin tsatsa, musamman inda aka yi walda. Fenti da safe ake fesawa, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe hanci da abin tace iska. Ranar da hunturu ya taso da ƙura, haƙura kawai za ka yi.

Daga nan sai wajen masu alaimen, a duba birki da ƙafafun gaba gaba ɗaya. Ka gwada ta a miƙaƙƙen titi lokacin da babu cunkoso, ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe. Tamu a hanyar Samaru ta riƙa karkata hagu. Muka koma gindin darbejiya, dattijo ya sa tef, ashe saura milimita 6 a tsayin ƙafar. Muka sake sauke fendar da na gama fesawa.