Yadda ake gwada katin hoto biyu kafin a ciro kuɗi

Mai sayen katin hoto, wato graphics card da ke fitar da hoton wasanni a kwamfuta, a Damagaram yakan fara duba yawan giga a jikin kwali, kuma nan ake cin shi. RX 580 na AMD, fitowar 2017, giga 8 gare shi. GTX 1660 Super na Nvidia, fitowar 2019, giga 6 ne kacal, amma ya fi shi gudu a yawancin wasanni, ga shi wat 125 yake ci, wancan kuwa 185. A garin da zafi kan haura digiri 40 cikin Afrilu da Mayu, wannan ratar wat 60 zafi ce da za ta zauna cikin kwamfutarka.

Kwamfuta ɗaya za ka gwada su duka biyun. Kafin ka sauya kati, goge direban na farko, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da katin, da manhajar goge direba mai suna DDU, domin ragowar direban AMD kan rikita na Nvidia. Buɗe manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan kati, ka ga ainihin sunan katin. In ya rubuta FAKE, mayar wa mai shi. In RX 580 ne ya nuna 2048 maimakon 2304 a layin Shaders, wato yawan ƙananan sassan da ke sarrafa hoto, ƙarfinsa na RX 570 ne, suna kawai ya ara.

Sai wasa ɗaya, wuri ɗaya, saiti ɗaya a 1080p, manhajar MSI Afterburner tana nuna alƙaluma a gefen allo. Kada matsakaicin FPS, wato yawan hotunan da katin ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya, ya ruɗe ka. Dubi 1% low, wato inda FPS ke faɗowa a lokutan da wasan ya fi yi wa katin nauyi. Katin da ke bayar da 70 yana faɗowa 25 zai riƙa sarƙewa, gara mai 60 da ba ya sauka ƙasa da 45.

Minti biyar ba gwaji ba ne. Bar shi minti 30, da azahar, ba cikin ɗaki mai na'urar sanyi ba. Yawancin katunan Nvidia suna rage gudu da kansu idan sun kai digiri 83, kuma ɗan gwanjo da ƙurar hunturu ta toshe masa fanka, ko man sanyaya shi ya bushe, sai ya wuce minti goma yake tona kansa. Ɗigo-ɗigo masu launi a allo alamar ƙwaƙwalwar katin ta fara lalacewa ce.

In kwamfutar ta mutu tsakiyar gwaji, fara duba akwatin wuta, wato power supply na cikin kwamfutar. RX 580 yana son mai wat 500 na ƙwarai da igiya mai baki 8.