Sabon zuwa Kano: idan wuta mai ƙarfi ta kashe maka kayan sauti

Ko daga Maraɗi ka zo, ko daga Kumasi, ko kuwa ka dawo gida ne bayan shekaru a Amurka, ka fara sanin wutar garin kafin ka jona rediyo ko amfilifaya. Wutar Najeriya bolt 230 ce, soket ɗin yawancin gidaje mai baki uku ne irin na Ingila. Kayan Amurka bolt 120 suke sha. Duba rubutun da ke bayan na'urar: in ka ga 100 zuwa 240 babu damuwa, in 120 kaɗai aka rubuta sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka na na'urar.

KEDCO ke raba wuta a Kano, ko da yake har gobe NEPA za ka ji ana cewa. Ɓarna ta fi aukuwa a daidai lokacin da aka kawo wuta, da kuma lokacin tsawar damina, daga Yuni zuwa Satumba. Mafi muni shi ne wayar nutural ta tsinke a layin unguwa: wutar soket na iya haurawa kusan bolt 400, ka ga ƙwai ya yi haske fau sannan ya fashe. In ka ga haka, ruga ka kashe babban makunnin gidan.

To, an wayi gari na'ura ta ƙi tashi. Zare ta daga bango, kada ka yi ta kunnawa kana gwadawa, domin kowane gwaji na iya ƙara ƙona wani abu. Sunsuna ramukan iskarta ko za ka ji ƙauri. Gwada soket ɗin da fitila. Sannan buɗe kan filogi ka duba fis ɗinsa, mai amfiya 3, 5 ko 13. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In ba shi ba ne, akwai wani fis na gilashi a ciki, kusa da inda wayar wuta ta shiga, galibi tsawonsa milimita 20. Wannan ƙaramin abin yana ba da labari. Gilashin garau, zaren ciki ne kawai ya rabu? Mai yiwuwa shi kaɗai ya tafi. Gilashin ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa masa zunubin tukunya? Akwai abin da ya haɗe a gaba, kuma sabon fis ma take zai ƙone. Ka sayi mai lamba iri ɗaya, misali T2AL250V. Harafin T na nufin mai jinkirin ƙonewa ne, kuma amfilifaya irinsa take so saboda wutar da take zuƙa da farko. Don Allah kada a naɗa masa waya ko takardar gwangwanin sigari. Gobara ake gayyatowa.

Bayan fis akwai wani faifai shuɗi mai kamar kwabo, da ake kira varistor a Turance, galibi da lamba irin 14D471K. Aikinsa ya shanye wutar da ta wuce ƙima, don haka shi ke fara tsagewa. Wasu masu gyara kan cire shi su miƙo maka na'ura tana kiɗa. Ka ce a mayar da sabo, kuɗinsa kaɗan ne. Daga shi sai dayod huɗu masu miƙar da wuta, sai babbar kafasita, wadda in kanta ya kumbura ta gama aiki. Nan ne iyakar mai koyo: kafasitar na iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare filogi, kuma tana kisa.

Idan na'urar ta kunnu amma ta mutu bayan daƙiƙa biyu, ko ta yi shiru, cire wayoyin lasifika duka ka sake kunnawa. Ta daina mutuwa? Laifin na lasifika ne ko wayarta. Lasifika mai om 8 takan nuna 6 zuwa 7 a mitar gwajin kayan wuta, kuma in ka taɓa mata batirin bolt 1.5 za ta yi ɗan ƙas. In na'urar ta ci gaba da mutuwa, mai yiwuwa taransistocin fitar da sauti ne suka ƙone, kada ka jona mata lasifika mai kyau.

Masu gyara da kayan gyara suna Sabon Gari. Ka tambayi maƙwabci ya haɗa ka da wanda ya sani, ka kuma lura ko yana gwaji da ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 a jere da na'urar, wanda ke haskawa sosai in har yanzu akwai haɗewa. Ku yi ciniki kafin ya kunce, ka ce ya ajiye maka abin da ya cire.

Da ta dawo gida, sa mata gad mai jinkirta wuta na 'yan mintuna, da sitabilaiza mai VA 1000 in ƙaramar na'ura ce. Janareta kuma a bar shi ya daidaita kafin a juya layi. Hadari ya haɗo, zare filogi har da wayar eriya da ta dish, don tsawa ta nan ma takan shigo.