Mota ta shiga taɓo da ruwa, wuta ta fara wasa? Ga inda za ka duba

Kafin komai, in motar ta mutu cikin ruwa kar ka yi gaggawar murɗa makulli, buɗe gidan matatar iska ka taɓa. In ta jiƙe to ruwa na iya shiga injin, tayar da ita a haka kuwa sai a lanƙwasa rodi, ƙarfen da ke riƙe da fistin a cikin injin, wallahi gyaran ba wasa ba.

Sai batir. Cire kan nagatif (mai alamar -) tukuna, ka goge laka da farin garin nan da ke taruwa a kai. Mayar da kan ka sa mitar auna wuta, batir mai lafiya zai ba ka wajen volt 12.6, in mota na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5, in ya gaza haka to wataƙila altaneta, mai cajin batir, ce ta sha taɓo ko bel ɗinta yana zamewa.

Buɗe akwatin fiyus ka zaro su ɗaya bayan ɗaya ka duba. Amma ni abin da na fi zargi shi ne wayar at, wato wayar nagatif wadda ke ɗaure a bodi, laka na shiga sai ka ga fitila tana kiftawa, dashbod duk ya rikice. Kwance ta, kankare, ɗaure tam. Soket-soket na ƙasan mota kuma ka busar da su da iska kafin ka mayar.