Abin yi in goɗiya ta fara naƙuda

Masu dawaki nan Tahoua kun dame ni da tambayar nan tun da damina ta kama, to ga shi a jere. Cikin goɗiya wata 11 ne, kuma yawanci da dare take haihuwa.

1. In nono ya cika yana ɗiga, ware ta a wuri mai tsabta, shimfiɗa busasshen hakki.
2. Naɗe mata wutsiya da ƙyalle.
3. Wanke hannunka da sabulu, yanke farce.
4. Faya na fashewa duba agogo. Minti 20 zuwa 30 ya kamata ɗan ya fito.
5. Duba abin da ya leƙo: ƙafafun gaba biyu, tafin kofato na kallon ƙasa, hanci a bisansu.

Hattara: in ka ga jan buhu kamar nama ya fito maimakon farin buhun da ke rufe ɗan, mabiyiya ce ta rabu da wuri, yage ta nan take, ɗan ba ya samun iska, a nan babu jiran kowa.

6. Ƙafa ɗaya kawai ko wutsiya ka gani, tayar da goɗiyar ta yi tafiya, kira likitan dabbobi. Don Allah kar a ɗaura igiya samari su taru su ja, haka ake yaga goɗiya.
7. Ɗan ya fito, share mashi hanci.
8. Bar cibiya ta tsinke da kanta, sa ma cibiyar betadin, maganin kashe ƙwayoyin cuta.
9. Tabbatar ya sha dakashi cikin awa 2.
10. Mabiyiya ta wuce awa 3 ba ta faɗo ba, kar ka ja, ɗaure ta sama, kira likita ko tsakar dare ne.