Yadda Za Ka Fara Gudun Dogon Zango Idan Kana Son Rabuwa da Ƙwaya

A ƙarshen shekarar 2006 wasu mutum uku suka taso daga bakin teku a ƙasar Senegal da niyyar ratsa Sahara a guje. Suka bi ta Muritaniya da Mali, suka shigo Nijar suka ratsa Agadas, suka wuce Libiya, ba su tsaya ba sai a gaɓar Bahar Maliya a Masar, bayan kwana 111 da tafiyar kusan kilomita 7,000. Ɗaya daga cikinsu, wani Ba'amurke mai suna Charlie Engle, ya yi shekaru hodar iblis da giya suna juya shi kafin ya daina a 1992. Masu ba da labarin ƙarfafa gwiwa suna son kawo shi. Wanda ba su cika ambata ba shi ne Henry Rono na Kenya, wanda a 1978 ya kafa tarihin duniya har sau huɗu cikin kwana 81, amma giya ta kai shi ƙasa, har ya kwana a gidan marasa galihu a Amurka, sai daga baya ya samu ya farfaɗo.

Na haɗa su biyun ne don kada wani ya yi maka romon baka. Gudu ba maganin shaye-shaye ba ne, da magani ne da Rono bai taɓa faɗawa ba. Abin da gudu yake iya yi shi ne ya ƙwace wa ƙwaya abu biyu da take dogara da su: lokacinka da abokan zamanka. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su. Kuma kada kunya ta hana ka motsi, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka taɓa kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken.

Likita kafin kambas

Kafin ka sayi takalmi, ka san me jikinka ya saba da shi. Wanda ya daɗe a kan tiramol ko kodin, idan ya yanke rana ɗaya, zai sha ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo da rashin barci na kwanaki. Wanda kuwa ya saba da roci ko diyazefam ko giya mai yawa, yankewa farat ɗaya tana iya jawo masa jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tana iya kisa. Irin wannan ba a barinsa da ƙarfin zuciya kawai, likita ne yake rage shi daki-daki.

A nan Zariya akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a Kaduna kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da ɓangaren ba da shawara, ba kame kaɗai take yi ba. Ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha, guda nawa a rana, tun yaushe. Ka ce masa kana son fara gudu, ya auna hawan jininka ya saurari zuciyarka. Ga iyaye kuma, duk wanda ya tuna abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ya san sasari ba ya warkar da kowa.

Ka samu mutum ɗaya a gida ka gaya masa. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. "Yaya, ina so in bar abin nan, gobe ka raka ni Shika" ya isa. Idan mahaifiya ce ta fi kusa da kai, ita ce za ta fi kowa riƙe maka sirri, kuma ita ce za ta buga maka ƙofa da asuba.

Takalmi da fili

Ba ka bukatar kaya masu tsada. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi a ƙafarsa ya lashe gudun famfalaki na Olamfik a birnin Rum a 1960, amma shi bai bi lungunan da ke cike da fasassun kwalabe da ƙusa ba, don haka kai ka nemi kambas. Ka shiga wajen 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada da safa. Ka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin. Ka juya shi ka duba ƙasan: idan gefe ɗaya ya cinye ya karkace, ajiye shi ko da kuwa sabo fil yake daga sama, gwiwarka ce za ta biya kuɗin.

Wurin farawa shi ne filin ƙwallon unguwa ko na makaranta, saboda ƙasa ta fi kwalta tausayin gaɓoɓi. Zagaye uku na cikakken filin ƙwallo kusan kilomita 1 ne, ka ga ba sai ka sayi agogon zamani ba. Ɗalibai da ma'aikatan jami'a a Samaru sun huta, titunan cikin harabar suna da inuwa kuma motoci ba su da yawa da safe. Idan sai ka hau titi, ka bi hannun hagu kana fuskantar motoci, ka kuma ƙaurace wa hanyar Kwangila zuwa Samaru da ta Ɗan Magaji a lokacin da tireloli da 'yan acaba suke rububi.

Ga wani abu da baƙi ba za su gaya maka ba. Saurayin da aka sani da shaye-shaye, a gan shi yana sheƙa gudu a lungu cikin duhun asuba, ba motsa jiki mutane za su fara kawowa a ransu ba. Ihun "ɓarawo" ɗaya ya isa ya jawo maka abin da ba ka shirya ba. Ka bari a idar da sallah gari ya fara wayewa, ka sa kayan wasa da kowa zai gane, ka tsaya ka gaisa da 'yan sintiri a kwanakin farko. Mata kuma, filin makaranta mai katanga ko tsakar gida mai faɗi ya wadatar, ku biyu ko uku, da ƙaramin hijabi marar nauyi.

Makonni tara na farko

A nan mafi yawa suke faɗuwa, kuma dalili ɗaya ne, gaggawa. Mutumin da ya saba da abin da ke bugar da shi cikin minti goma yana son gudu ma ya biya shi a ranar farko. Sai ya fita da ƙarfi, ya yi zagaye biyu, ƙirji ya ɗau zafi, tari ya sarƙe shi, ya koma gida yana cewa wannan ba nasa ba ne.

Ga yadda za ka yi. Kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, misali Asabar da Litinin da Laraba. Ka fara da tafiya mai sauri ta minti 5. Sai sassarfa ta minti 1, tafiya ta minti 1 da rabi, ka maimaita sau takwas, ka rufe da tafiyar minti 5. A mako na biyu sassarfar ta zama minti 1 da rabi, tafiya minti 2. Mako na uku ka kai minti 3, na huɗu minti 5. Daga na biyar ka riƙa rage tafiyar kana ƙara sassarfar, har zuwa mako na tara ka iya yin minti 30 ba tsayawa, wanda ga mutane da yawa ya kusa kilomita 5. Idan wani mako ya gagare ka, ka maimaita shi, ba jarrabawa ake yi ba.

Ma'aunin saurinka shi ne bakinka. Idan wani ya ce "Malam, ina kwana?" ka kasa amsa masa da cikakkiyar gaisuwa saboda haki, ka yi sauri da yawa. Yara masu tafiya makarantar allo za su iya wuce ka, dattawan da ke zaune a dakali za su yi murmushi. Bar su.

Tsamin cinya da na sha-raɓa bayan kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, zai wuce. Ciwo mai suka a ƙwauri ko gwiwa ko agara, wanda ke sa ka ɗingishi, shi ne ke neman hutun kwanaki. Ciwon ƙirji ko jiri ko bugun zuciya da ya rikice, ka tsaya nan take ka nemi asibiti. Kuma ko da wasa kada ka haɗiyi tiramol don kashe tsamin jiki ko don ƙarin ƙarfi, kamar yadda wasu 'yan dako da leburori suke yi. Ko a wasannin duniya an haramta shi a lokacin gasa tun daga farkon 2024.

Sa'ar da abin yake taso maka

Ka zauna ka lissafa lokutan da ka saba sha. Ga wasu bayan la'asar ne, ga wasu bayan isha'i, ga wasu ranar da kuɗi suka shigo hannu. Sha'awar abin takan taso ta yi ƙarfi sannan ta lafa, sau da yawa cikin abin da bai wuce rabin awa ba, idan ba ka ciyar da ita ba. Saboda haka ka ajiye kambas ɗinka a bakin ƙofa. Da ka ji ta taso, ka zura takalmi ka fita tafiya mai sauri, ko da ba ranar gudu ba ce, kuma kada ka ɗauki kuɗin da suka wuce na fiya wata. Ka zaɓi hanyar da ba ta bi ta gaban kemis ɗin da ka sani ko kangon da ake taruwa. Lambar dila kuwa ka goge ta tun daren farko.

Gudun asuba yana da wata riba da ba a lura da ita: wanda ya san zai tashi ƙarfe biyar ba ya kai ƙarfe ɗaya a majalisa. Barcin da ya ƙaurace maka bayan ka daina sha, gajiyar gudu tana taimakawa wajen dawo da shi. Ci ma zai buɗe, ka ba shi haƙƙinsa da koko da ƙosai, da wake, da fura da nono, da ƙwai idan hali ya yi.

Sabuwar majalisa

A birnin Los Anjeles na Amurka wani alƙali mai suna Craig Mitchell ya kafa ƙungiyar gudu a 2012 a unguwar da marasa matsuguni da mashaya suka fi yawa. Yana fitowa da sassafe yana gudu tare da su, har ya kai wasunsu gasar famfalaki a Ghana da Rum. A ganina ba gudun ne ya fi yi musu aiki ba, sanin cewa akwai mai jiran su a bakin titi da asuba ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ba za ka bar tsohuwar majalisa ka zauna a ɗaki kai kaɗai abin ya ɗore ba.

Ka nemi mutum ɗaya ko biyu da ba sa sha. Zariya ba ta rasa masu motsa jiki, garin da ke da barikin horar da sababbin sojoji da ɗalibai ta ko'ina. 'Yan ƙwallon unguwarku ma suna atisaye da safe. Ku yi alkawarin wuri da lokaci, wanda bai zo ba a bi shi gida. Tsofaffin abokai za su yi maka ba'a, "ka ga ustazu ɗan tsere". Ka gaishe su daga nesa, kada ka zauna, kada ka tsaya yi musu wa'azi a watannin farko, ƙafarka ba ta yi ƙwarin da za ka ja wani ba tukuna.

Da hunturu ka bari rana ta ɗan fito, ranar da ƙura ta rufe gari ka haƙura, musamman idan wiwi ko taba sun riga sun taɓa maka huhu. Da bazara, watan Maris da Afrilu, kada ka wuce ƙarfe bakwai na safe a fili, ka sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Da azumi ka mayar da shi sassarfa mara nauyi bayan tarawihi.

Idan ka koma

Yana faruwa, kuma ga mutane da yawa ba sau ɗaya ba. Abin da ya zama dole ka sani shi ne jikin da ya huta makonni ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da. Adadin tiramol ko kodin da ka saba sha a baya yana iya tsayar maka da numfashi yanzu. Idan ta faru, ka gaya wa wanda ka amince da shi a ranar, ka koma wajen likitanka, kada ka yi gudu abin yana jikinka. Bayan kwana biyu ka koma fili, ka ɗauko daga makon da ya fi sauƙi.

Daga kilomita 5 zuwa gaba

Idan minti 30 ya zauna maka, ka ware rana ɗaya a mako ta dogon gudu, ka riƙa ƙara minti 5, kowane mako na huɗu ka rage. Hawan Dutsen Kufena a ƙafa tare da abokai a ranar hutun mako yana ƙarfafa cinya. Wata uku ko huɗu za su iya kai ka kilomita 10. Rabin famfalaki kilomita 21 ne, irin wanda aka fara yi a Kaduna a 2020. Cikakken kuwa kilomita 42.195 ne, wajen rabin hanyar Zariya zuwa Kaduna, kuma ana yin irinsa a Legas tun 2016. Wannan ka ba shi shekara guda ko fiye.

Ka yi rajistar gasar kilomita 5 ko 10 tukuna, ka rubuta ranar a bangon ɗaki. Ranar gasa kada ka sa sabon takalmi, kada ka ci abin da cikinka bai saba da shi ba, ka shafa man basilin a cinya da tsakanin yatsu saboda bororo. Ka tsaya can baya wajen tashi, ka bar masu zumuɗi su wuce, da yawansu za ka tarar da su suna tafiya riƙe da ƙugu kafin a kai rabi.